Kwana Biyu a Gwaram Ina Matse Abin da Ba Ya Matsuwa

Tun da na dawo daga Gwaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin tasha sai Nura ya ce, "Ɗan ƙasar waje, ina tsarabarmu?" Bashir kuma ya tambaye ni ko can ma da Hausa suke magana. Laifina ne, na yarda. Ni na yi sati biyu ina ce musu kamfani zai tura ni tafiyar aiki ba tare da na faɗi gari ba, har suka ɗauka Abuja ce. Da suka ji Gwaram ce, inda ɗan acaɓa mai zuciya zai kai mutum ya dawo kafin la'asar, sai na zama abin dariyarsu. To ga labarin a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Abin da na gani zan ce na gani, abin da nake zato zan ce zato ne, don kada gobe wani ɗan Gwaram ya tare ni a hanya.

Bayan na gama jami'a na yi shekara biyu a gida ina gyara wa 'yan uwa wayoyi kyauta. Daga nan na samu shiga wani ƙaramin kamfani a nan Birnin Kudu, mai kula da kwamfutocin makarantu da ƙananan asibitoci. Aka ce in yi wata uku na gwaji, in an gamsu a ba ni takardar tabbatarwa. Wata ukun sun kusa cika, Baba kuma ya riga ya sanar da duk sahun gaba na masallacinmu cewa ɗansa ya zama injiniya. Kun ga ke nan komawa gida ba ta cikin lissafi.

Aikin da aka tura ni kuwa ga shi. Wata ƙungiyar tallafi da ta gama aikinta ta tafi ta bar wa wata cibiya a Gwaram manyan injinan ajiya guda uku, inda ake adana bayanan matan da ke zuwa awon ciki daga ƙauyuka. Kowane inji yana da ma'ajiya iri biyu. Akwai faifai, babba ne amma yana da nawa, kamar rumbun bayan gida. Akwai kuma filash, ƙarami mai sauri, kamar kwandon hatsin da uwar gida ke ajiyewa a ɗaki don kada kullum a hau rumbu. In kwandon ya cika, sai a yi ta zarya. Mutanen cibiyar sun yi ƙorafin injin ya yi nauyi, mu kuma muka ce maganin shi ne a kunna matsi, wato injin ya riƙa matse bayanai kafin ya zuba su a filash, don wuri ɗaya ya ɗauki kaya da yawa.

Maigidana Injiniya Habu ya kira ni ofis ya ce, "Umarni huɗu ne kacal, Sagir. Ko akuya in ta iya karatu za ta yi. Na riga na ce musu wurin zai ninka. Ka dawo mini da hoton allon kwamfutar yana nuna ninki biyu, in sa hannu a takardarka."

Na ce, "Yallaɓai, littafin injin ya ce ya danganta da irin bayanan da ke ciki."

Ya ce, "Littafin ne zai sa maka hannu?"

Na buga matakan aikin a takarda har kwafi uku. Ɗaya a jaka, ɗaya a aljihun gaba, ɗaya na bar wa Inna ban san dalili ba. Ita kuma ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli ta ce in kula da ruwan da zan sha, sai ka ce Makka za ni a ƙasa.

A tasha na samu motar wani direba da ake kira Ɗanliti. Waɗanda suka ƙera motar sun yi ta ne don fasinja huɗu, amma Ɗanliti bai halarci taron da aka yanke wannan shawara ba. Ya zuba huɗu a baya, ya sa ni gaba tare da wani Alhaji mai jiki, ni ne a ɓangaren giya. Wata mata ta zo da katifa, ya naɗe ta, ya hau kai da gwiwa, ya ɗaure da roba har ta koma kamar matashin kai. Sai ga wani da buhun gishiri. Nan Ɗanliti ya tsaya yana sosa ƙeya.

Mai gishirin ya ce, "Haba Ɗanliti, katifa guda ta shiga, ɗan buhun nan ne zai gagara?"

Ɗanliti ya ce, "Katifa rabinta iska ce. Mutum ma in ya saki numfashi yana raguwa, tambayi Alhaji. Amma gishiri tun daga inda aka yi shi aka danƙare shi. Wurin da ya ci, ya ci."

Da ina da hankali da na rubuta maganar nan a bayan takardata. Ban rubuta ba, don hannuna na dama yana ƙarƙashin Alhaji.

Game da hanya ba ni da abin faɗa da yawa, don rabin abin da na gani kunnen Alhaji ne. Na dai san duk lokacin da Ɗanliti zai canza giya sai ya ce mini, "Ɗan boko, ara mini gwiwarka." Bazara ce, gumi ya jiƙe takardar aljihuna har mataki na biyu ya malale cikin na uku. Na gode wa Allah da na yi kwafi uku, na kuma fara tunanin me ya sa ban yi huɗu ba.

Kuna ta tambayata ko an duba mini fasfo. To akwai iyaka, ku daina dariya. Wajen inda ake cewa ƙasar Birnin Kudu ta ƙare ta Gwaram ta fara, mun tarar da katako mai ƙusoshi a kan titi da wani mutum a inuwa. Ban san ko na wace hukuma ba ne, ban kuma tambaya ba. Ya leƙo, idonsa ya faɗa kan jakata, ya ce in buɗe. Ya ga wayoyi kala-kala ya ce, "Waɗannan fa?"

Na fara yi masa bayani tun daga faifai. Na kai kan filash, na dawo na gyara wata magana da nake ganin ban faɗe ta daidai ba, na ce ko da yake ba a kowane inji haka take ba. Mutumin ya dubi Ɗanliti.

Ɗanliti ya ce, "Irin aikina zai je yi, ranka ya daɗe. Mota ce mai cin huɗu, zai sa ta ci takwas."

Mutumin ya ce, "To ya ce haka mana." Ya ja katakonsa.

Shekara huɗu na yi a jami'a, ba a taɓa yi mini bayanin da ya kai wannan ba.

Cibiyar ɗaki biyu ce da rumfar kwano. Maigadi, wani dattijo mai suna Malam Jibo, ya tarbe ni da gaisuwar da ban taɓa shiga irinta ba. Mu a Birnin Kudu in an tambayi gida da aiki da gajiya an gama. Shi sai da ya bi unguwarmu gida-gida. Ya san mai gyaran keken bakin kasuwa, ya san limamin da ya rasu, ya tambayi lafiyar wani bijimi da kawuna ya sayar tun ina firamare. Ba na cewa duk mutanen Gwaram haka suke, mutum ɗaya na gwada. Amma ɗayan ya isa.

Ɗakin injinan shi ne wuri mafi sanyi da na taɓa shiga a ƙasar Jigawa, kuma da alama ba ni kaɗai na lura ba. A gefen injin farko akwai kankana huɗu. A kan na biyu akwai ƙwaryar fura an rufe da faifan kaba. A tsakiya kuma ga wata mata a kujera ta miƙe ƙafa tana jan carbi. Ita ce Hajiya Asabe, tsohuwar ungozoma wadda ta koyi kwamfuta bayan ta yi jikoki, ita ke shigar da bayanan masu awo.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai gyaran? Na zaci babba za su turo."

Na ce, "Hajiya, ba gyara ba ne sosai, wani abu ne za a kunna."

Ta ce, "In kunnawa ce ai Malam Jibo ya iya."

Na roƙa cikin ladabi a fitar da furar da kankanar, saboda ruwa da lantarki. Ta yarda da fura. Kankana kuwa ta ce injin ya shekara biyu yana kwana da ita bai taɓa ƙorafi ba.

Bayan la'asar na fara. Umarnin huɗu ne kamar yadda Injiniya ya faɗa, amma bai faɗi inda ramin yake ba. Akwai sababbin bayanai da ke zaune a filash waɗanda ba su riga sun isa faifai ba. Dole a fara juye su, a jira su gama sauka tas, sannan a rushe ma'ajiyar filash, a kunna matsi, a sake gina ta. In ka yi gaggawa ka rushe kafin juyewar ta ƙare, abin da ya rage a ciki kana iya nemansa ka rasa, kuma abin nan sunayen mata ne da awon jininsu. Ana kuma yi wa inji ɗaya ne a lokaci guda, sauran biyun su riƙe aiki. Na tabbatar filashin irin wanda ke karɓar matsi ne, na sake tabbatarwa, na ba da umarnin juyewa, na zauna ina duba ko ya gama.

Can Hajiya ta ce, "Ɗana, sau goma sha ɗaya ke nan kana tambayarsa. Ko tuwo ne in ana buɗe shi haka ba zai nuna ba."

Da injin ya ce ya gama, na ƙara masa minti goma don kada ya zama kunya ce ta sa ya faɗa. Na yi bisimilla, na rufe ido ɗaya, na danna. Ba abin da ya fashe. Na kunna matsi, na sake gina ma'ajiyar, allo ya nuna girmanta ya ninka. Murna ta sa na ci kankana yanka uku, wadda ɗazu nake neman a kora.

A zauren Malam Jibo aka sauke ni. Bayan magariba kwanuka suka fara shigowa. Tuwon dawa da miyar kuka daga cikin gida, dambu daga gidan liman, shinkafa da wake daga maƙwabci, wani tuwon kuma daga gidan da ban gane dangantakarmu ba, sai furar da na kora ɗazu ta biyo ni. A garinmu ma ana kai wa baƙo abinci, amma ba a bin sawun kwano. Na ci na farko na ce alhamdu lillahi.

Malam Jibo ya ce, "A'a, Injiniya. Kowane kwano gidansu zai koma, kuma za a buɗe. In ka ci na liman ka bar na Sarkin Fawa, gobe kai ka hau mota, ni ka bar ni da rigima."

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina yi wa kowanne ramin da za a gani. Dambun ya fi namu, wannan na faɗa ko da za a kore ni daga majalisa. Tuwon kuwa namu ya fi laushi, ko kuma dai na riga na ƙoshi ne, ban tabbata ba.

Da sassafe na yi wa sauran injinan biyu, lafiya lau. Duka ukun suka nuna ninki biyu. Na ɗauki hoton allo har sau huɗu. Akwai motar hantsi, kuma da ni mutum ne kamar kowa da na shige ta na dawo na karɓi takardata. Amma ni ne mai komawa ya taɓa kwaɗon ƙofa sau uku bayan ya kulle. Na ce bari in ga an fara aiki tukuna.

Ranar awo ce, mata sun cika rumfa. Hajiya ta kira ta farko, ta buga sunanta, muka zuba wa allo ido. 'Yar da'irar nan ta jira ta fara juyawa. Ta juya, ta juya. Hajiya ta ɗauki carbinta.

Ta ce, "Ɗana, wannan ne ninkin?"

Na koma ɗakin sanyi na bincika da kyau. Abin da na gano shi ne, da zarar an kunna matsi injin yakan nuna babban girma, don yana sa ran kayan da za a zuba masa za su matsu. Alkawari ne ya yi. Da na duba ainihin abin da ke ciki, kusan bai ragu da komai ba. Ina tsaye a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi, gumi yana bin bayana. Na ɗauka ni na ɓata wani abu. Na fito da takardar jaka na bi matakan da yatsa, ban ga kuskure ba, wannan ya ƙara tsorata ni.

Na dawo na zauna bayan Hajiya ina kallo, don ban san abin yi ba. Aka kira wata sabuwar zuwa, daga wani ƙauye, tare da wata dattijuwa da ta rako ta.

Hajiya ta ce, "Sunan maigidan?"

Matar ta ja hijabi ta rufe baki tana kallon ƙasa.

Dattijuwar ta ce, "Hajiya ke ma dai. Ƙanin mai injin niƙa ne, gidan da ke bayan tsamiya."

"Shekarunta?"

"Daminar da ruwa ya cinye gadarmu aka haife ta."

Hajiya ta rubuta duk wannan da biro a babban littafi, har da cewa haihuwarta ta fari ta zo da wahala. Sannan ta juya kan kwamfuta. Gurbin sunan miji ta buga "Malam". Gurbin ranar haihuwa ta sa ɗaya ga watan ɗaya. Ta ɗauko wayarta, ta ɗauki hoton shafin littafin sau uku, ta tura duka ukun cikin injin.

Na ce, "Hajiya, tun yaushe ake haka?"

Ta ce, "Tun ranar da aka kawo shi. Kowace mace, kowane zuwa."

"Me ya sa uku?"

"In ɗaya ya yi dishi-dishi fa?"

Na ce ai da an buga bayanan da hannu, da sun fi sauƙi a wurin injin.

Ta ajiye wayar ta juyo gaba ɗaya. Ta ce, "Wanda ya tsara fom ɗin nan bai taɓa zama da matan ƙauye ba. Ya ce sai sunan miji, sai ranar haihuwa, sai lambar waya, in babu ba zai karɓa ba. Wace mai kunya ce za ta kama sunan mijinta a gaban mutane? Wata ko ɗanta na fari ba ta kiran sunansa. Kuma bai bar mini wurin da zan rubuta ƙanin mai injin niƙa ba. In aka kawo mini yarinyar nan tana zubar da jini, Malam zan nema? Ka san Malam nawa ne a cikin injin nan? Abin da zai sa in gane ta yana cikin hoton."

A nan na tuna da Ɗanliti. Rubutu katifa ne, yana matsuwa sosai. Hoto kuwa waya ta riga ta danƙare shi tun lokacin da aka ɗauka. Shekara biyu Hajiya tana loda wa motar buhunan gishiri, ni kuma na zo da roba.

Na fita bayan rumfa na kira Injiniya. Ya ce, "Ka ɗauki hoton allon?"

Na ce, "Na ɗauka, Yallaɓai, sai dai akwai wani ɗan bayani."

Ya saurari rabi ya ce, "Sagir, allo ya ce ninki biyu?"

"Ya ce."

"Kai ka tilasta masa?"

"A'a."

"To shigo mota." Ya kashe.

Gaskiya na tsaya na auna. Hoton ba ƙarya ba ne, ba ni na zana shi ba. In na miƙa shi na yi shiru, takardata ta fito, da'irar Hajiya kuma ta ci gaba da juyawa. In na rubuta gaskiya, na kunyata maigidana a gaban mutanen da ya yi wa alkawari, kuma na tona cewa Hajiya ta aurar da matan ƙauyuka da yawa ga mutum ɗaya mai suna Malam. Na juyo sai na gan ta a bakin taga, ashe duk ta ji.

Ta ce, "Rubuta abin da ka gani, ɗana, har da sunana. In sun kore ni, su zo da kansu su tambayi matan nan sunan mazajensu. Ni kuma in samu kujera in zauna kallo."

A komowa motar Ɗanliti na sake samu. Ya ce, "Ɗan boko, ta ci takwas ɗin?" Na ce ta ce za ta ci, amma gishiri ne a ciki. Ya ce, "Sai ka sauke gishiri," ya nemi aron gwiwata.

Kwana biyu na yi ina rubuta rahoto. Na sa hoton allon a shafin farko kamar yadda aka umarce ni, a ƙarƙashinsa na rubuta cewa matsin ya kunnu amma bai yi amfani ba, da dalili, har da misalin katifa da gishiri. Na ba da shawarar a gyara fom ɗin, a buɗe gurbin kwatance, a yarda da kimanin shekaru, a bar sunan miji ga wadda ta ga dama, sannan a zauna a buga tsofaffin shafukan da hannu a sauke hotunan. Da na ƙirga, "mai yiwuwa" ta fito sau tara. Na cire biyu, na mayar da ɗaya.

Injiniya ya karanta a gabana har ƙarshe. Sannan ya ce, "Wa ya aike ka kallon masu awo?"

Na ce, "Mota nake jira, Yallaɓai." Ita ce ƙarya ɗaya da na yi a duk tafiyar, kuma ga shi na faɗa.

Kwana uku bai yi mini magana ba. Ni kuma na fara shirya yadda zan gaya wa Baba, da yadda Baba zai gaya wa sahun gaba. A rana ta huɗu ya kira ni, ya turo mini takarda a kan tebur. Ya sa hannu. Na karanta har ƙasa, inda aka rubuta wurin aiki, na ga Gwaram.

Ya ce, "Tun da kai ka ga gishirin, kai za ka sauke shi. Shafi nawa ne?"

Na ce, "Na shekara biyu ne, Yallaɓai. Kowanne sau uku."

Ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Shekaranjiya na koma don in kai tabarmata in kuma nuna takardar. Malam Jibo ya ce ya riga ya sanar da gidaje biyar su tanadi kwanuka. Hajiya ta karɓi takardar, ta sa tabarau, ta karanta a hankali ta sa mini albarka. Sannan ta shimfiɗa ta a kan tebur, ta ɗauko waya, ta ɗauka sau uku, ta tura cikin injin.

Na ce, "Hajiya, ai abin da na zo hanawa ke nan."

Ta ce, "Uku ne kawai, ɗana. Ba ka ninka mana wuri ba?"